Sada na Ruwa da Soron Inna Kulu

A Kurmin Kogi idan ka tambayi gidan Sada Jumare, sai mutum ya ɗan yi jim kafin ya ce, "Au, Sada na ruwa kake nufi?" Daga bakin mahaifiyarsa, Inna Kulu, sunan ya fito. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce irin ta da, wadda ke ganin ambaton sunan ɗan fari rashin kunya ne. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Da ya tasa, "yaron nan" Inna take ce masa. Da ya tafi kudu ya kama aiki a teku sai ya zama "na ruwa", gari kuma ya ɗauka.

Yanzu ya haura hamsin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa, yana magana a hankali kamar mai auna hatsi. Wata guda yake yi a wurin aiki, wata guda a gida. A bazarar bara ya sauka daga babur ya tarar da bulo jibge a ƙofar gida, da tulin yashi a gefe. Ƙaninsa Bilya, mai shagon taki da maganin feshi a kasuwar Ikara, ya yanke shawarar rushe ɗakin Inna kafin ruwan farko ya sauka.

Soro ne na ƙasa, shi kaɗai ya rage a gidan, sauran ɗakuna duk sun koma bulo da kwano. Mahaifinsu, marigayi Jumare, shi ya sa aka gina shi a shekarar da ya rage shanu ya zauna noma, a ciki kuma Inna ta haifi duk 'ya'yanta ban da Sada. Bangon gabas ya tsage tun daga kusa da rufi har zuwa tsayin ƙirjin mutum, duk wanda ya shigo tsakar gida sai ya gani ya yi salati. Inna ba ta ce a'a ba, don ba ta musu da 'ya'ya maza. Ta dai rage cin abinci. Autarta Sabuwa, wadda ta dawo gida zama da ita tun da mijinta ya rasu, ita ta faɗa wa Sada sauran.

"Ta ce ranar da aka sa diga a bangon nan, a kai ta rugar 'yan'uwanta a Gubuci. Wai ba za ta kwana ƙarƙashin kwano tana gasuwa kamar masara ba. Kuma Yaya, ka san ta. In ta tafi ba za ta dawo ba."

Sada ya ajiye jaka, ya je ya tsaya gaban tsagar ya daɗe yana kallo. Irin wannan tsayuwa ita ce sana'arsa.

Walda ya fara koya a Zariya, ya yi 'yan shekaru yana haɗa ƙofofi da tankunan ruwa a Kaduna, sannan wani abokin aikinsa ya ja shi Fatakwal. Ranar da ya fara hawa jirgin ruwa bai ga komai ba sai cikin bokiti, don amai. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne rafin da ake tsallakewa da ƙafa in rani ya yi, sai ga shi a inda ko'ina ka juya ruwa ne ya haɗe da sama. Ya saba. Daga yin walda ya koma duba waldar wasu, ya yi shekaru yana lilo a jikin igiya ƙarƙashin dandamalin haƙar mai, ruwa na tafasa a ƙasansa, yana bin gaɓoɓin ƙarfe da na'ura. Da gwiwoyi suka fara ƙorafi, aka mayar da shi cikin masu tsara dubawa, inda yake zama da injiniyoyi ana yanke wane wuri za a duba bana, wane za a bari sai baɗi, wane za a gyara yanzu.

In mutanen gari suka tambaye shi yadda abin yake, yakan ce su ɗauka wani ƙaton tebur ne na ƙarfe mai hawa-hawa, ƙafafunsa kafe a ƙasan teku, an gicciya masa bututai don su riƙe juna. Duk inda bututu ya haɗu da bututu akwai walda, irin waɗannan mahaɗai kuwa ɗaruruwa ne. Igiyar ruwa tana tura su tana sakinsu ba dare ba rana, kamar yadda ake lanƙwasa waya gaba da baya har ta gaji ta karye. Gishiri kuma yana cin nasa. Babu mai iya duba su duka. Nutso aiki ne mai haɗari, teku kuma ba ta kwanciya sai a wasu watanni. Don haka ake zaɓe. Ana lissafa wace mahaɗa ce ta fi shan wahala har ta kusa gajiya. Ana tambaya, in wannan ta karye, maƙwabtanta za su ɗauki nauyinta, ko kuwa komai zai biyo ta? Wadda ke da mataimaka ana iya ɗaga mata ƙafa. Wadda ita kaɗai ke riƙe da wuri, ko lafiyarta ƙalau, ana yawan leƙa ta. In an duba ba a ga komai ba, sai hankali ya ƙara kwanciya, a tsawaita lokacin dawowa. In an ga tsaga, ba kullum ake rugawa gyara ba. Wata a goge ta, wata a ɗaure ta, wata a sa mata alama a zuba ido.

Akwai wani tsohon dandamali da yake yawan ba da labarinsa. Ya wuce shekarun da maginansa suka ɗibar masa, wasu suka ce a cire shi kawai. Baƙi in sun zo, tsatsar matakala da ta shingen hannu ke ba su tsoro, alhali wannan fenti ne maganinta. Da masu tsarawa suka zauna suka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, sai suka lura da wata a ƙarƙashin ruwa, bayan wasu bututai da suka cunkushe. Shekara da shekaru masu nutso suna tsallake ta saboda wuyar shiga, rashin labari kuma aka ɗauke shi a matsayin lafiya. Aka sa ta a gaba. Da aka kankare ƙwarin ruwan da suka manne mata, aka sami tsaga mai tsawon yatsa. Aka ɗaure ta da ƙawanyar ƙarfe, dandamalin kuwa har gobe yana aiki. Tun daga nan Sada ke faɗa wa sababbin ma'aikata cewa wurin da ba a duba ba, kada a kira shi lafiyayye, a kira shi wurin da ba a sani ba.

Da la'asar Bilya ya dawo daga kasuwa, suka zauna a zaure. Bayan an gaisa, an tambayi hanya da mutanen kudu, Sada ya ce, "Na ga bulo."

"Ai gara ka gani da idonka, Yaya. Bana ba zan yarda damina ta same ta a cikin wannan kabarin ba. Mutane har sun fara magana. Wai ɗanta na aikin mai, uwa na kwana a ɗakin da ƙadangare ke shiga ta bango."

"Taso ka gani."

Ya kai shi gaban tsagar. A ƙarshenta na ƙasa akwai ƙusa da ta yi tsatsa, a tsakiya kuma wani ɗan siminti siriri da aka manna ya haɗa gefe da gefe. Sada ne ya sa su tun damina uku da suka wuce. Tsagar ba ta wuce ƙusar ba, simintin kuma bai fashe ba.

"Da bangon yana motsi, da wannan ya rabu biyu," in ji Sada. Ya zura tsinke a ciki, bai shiga ko rabin yatsa ba. "Yaɓe ne ya tsage. Tubalin yana nan daram. Bangon nan kaurinsa ya fi kamu guda, ni da kai za mu riga shi faɗuwa."

Bilya ya yi dariya. "To, injiniyan kifi. Mu da muke nan muna kwana da fargaba, kai kana zuwa da ƙusa. Na ji, bango lafiya. Daga waje ke nan. Ciki fa? Yaushe rabonka da shiga ɗakin nan?"

Bilya ya san amsar tambayarsa. Tun da Sada ya yi wayo bai taɓa wuce labulen ɗakin ba. Kullum da safe yakan tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa daga ciki a taƙaice, kamar da wani take. Ɗan fari ba ya kutsawa ɗakin uwa, ita ma ba ta gayyatarsa. Ba wanda ya taɓa hana shi. Haka aka taso, haka kowa ya gani daidai ne. Duk shekara yana zagaya soron, ya hau tsani ya duba rufi daga sama, ya sa a share indararo, ya koma teku da kwanciyar hankali. Abin da ke riƙe da rufin kuwa, wato azarorin da aka jera aka ɗora wa ƙasa mai nauyi, daga ciki kaɗai ake ganinsu.

"Kai da kake shiga, yaya azarorin suke?" ya tambaya.

"Wa ke ganinsu? Ta sa an shimfiɗa yadi a sama tun tuni, wai kada ƙasa ta zubo mata a ƙore."

Sada ya koma ya zauna a kan bulo. Ya gane wurin. Mahaɗar nan ce ta bayan bututai, wadda ake tsallakewa duk shekara, a ƙarƙashinta kuma mahaifiyarsa ke kwana.

"Ba ni lokaci zuwa ranar Juma'a," ya ce. "In na duba na ga ba ya gyaruwa, ni zan fara sa diga."

"In ta bar ka ka shiga, ni kuma zan ci hulata," in ji Bilya.

Washegari bayan gaisuwar safe, Sada bai tashi ya tafi ba. Ya matsa tsakar gida inda Sabuwa ke tankaɗe, ya ɗaga murya yadda za ta kai bayan labule.

"Sabuwa, a wurin aikinmu ba ma rushe abu don ya tsufa. Sai mun duba shi ciki da waje. Ɗakin nan na duba wajensa, ban ga abin rushewa ba. Amma ba zan iya tsaya masa a gaban Bilya ba sai na ga azarorinsa."

Sabuwa ta ci gaba da tankaɗe tana danne murmushi. Can sai muryar Inna ta fito, ba da ƙarfi ba.

"Sabuwa."

"Na'am, Inna."

"Jikar 'yar'uwata Fatsuma ta haihu a Gubuci, ban je barka ba. Gobe ki nemo mana mota. Sai yamma za mu dawo. Kwaɗon ƙofar nan ma ya lalace, kada ki wahalar da kanki da kulle shi."

Kwaɗon lafiyarsa ƙalau, Sabuwa ce ta sayo shi da kanta.

Washegari da hantsi suka tafi. Inna ta fito lulluɓe, ta wuce ta gabansa tana kallon wani wuri. Sada ya aika aka kira Malam Ya'u, tsohon magini wanda yana saurayi ya cuɗa ƙasar soron nan, Bilya kuma ya bar yaransa a shago ya zo ya ga ƙarshen magana. A bakin ƙofa Sada ya cire takalmi, ya yi sallama ko da yake ya san babu kowa, ya ɗaga labule.

Sanyi ne ya fara tarbarsa, da ƙanshin man shanu da turaren wuta. Ɗakin ya fi yadda yake zato ƙanƙanta. Gadon ƙarfe a kusurwar arewa, ƙore a jere bisa maratayi manya da ƙanana, buzun salla a naɗe. A tsakiyar tabarma an ajiye ƙwarya rufe da faifai, da ludayi guda ɗaya a kai. Bilya ya buɗe, fura ce da nono.

"Ludayi ɗaya," ya ce. "Ni da nake shigowa kullum ba a taɓa dama mini ba. Sha abinka, baƙon Inna."

Sada ya rufe ƙwaryar ya ce sai an gama aiki.

Suka sauke ƙoren a hankali, suka kwance yadin daga ƙusoshinsa. Azarorin giginya suka bayyana, baƙi ƙirin saboda hayaƙin shekaru. Sada bai bi su a jere ba. Ya tambayi Malam Ya'u ta ina ruwan rufin ke gangarawa, ya ce ta arewa, inda indararo yake. Ya tambaye shi waɗanne ne ke ɗauke da sauran, tsohon ya nuna masa manyan da aka gicciya a kusurwoyi, waɗanda ƙananan ke kwance a kansu. Daga nan suka fara. Malam Ya'u na ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma yana saurare, Sada na haska tocila yana soka tsinken ƙarfe a inda kan azara ya shige bango.

Ta gabas, bayan tsagar da ta tayar da hankalin gari, itacen ya yi ƙara kamar ƙarfe, tsinke ya ƙi shiga. Kudu da yamma ma haka. A tsakiya suka sami wata ƙaramar azara da ta ɗan tsage, Sada ya ce a bar ta, na kusa da ita sun ɗauke mata. Da suka iso kusurwar arewa, Malam Ya'u ya buga sau ɗaya ya dakata. Ƙarar ta fito kamar an bugi kabewa. Sada ya soka tsinken, ya shige har gindi ba tare da ya matsa ba, da ya zaro sai gari ja ya biyo shi ya zubo kan matashin Inna. Ruwa ya daɗe yana tsiyaya ta gindin indararo yana jiƙa kan babbar azarar, gara kuma ta bi danshi ta cinye cikinta ta bar ɓawo. Biyu daga cikin ƙananan da ke kanta su ma sun taɓu.

Bilya ya yi salati. "Ka gani ko? Daidai kanta! Na faɗa maka ɗakin nan zai kashe ta."

"Ka faɗa," in ji Sada. "Da na biye wa ƙusata, da damina ta same ta a nan. Amma dubi sauran, Bilya. Kusurwa ɗaya ce. Malam, tana canzuwa?"

Malam Ya'u ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce in an tokare rufin da gungume daga ciki, aka buɗe ƙasar kusurwar daga sama, za a zare uku a sa uku, a sake dasa indararon a shafe da makuba, shafen ɓawon ɗorawa mai hana yoyo. Akwai busasshiyar giginya a wurin wani mutum a hanyar Maƙarfi. Abin da ba zai yi alkawari ba shi ne gara ba za ta dawo ba.

"Za ta dawo," in ji Sada. "A teku ma tsatsa ba ta taɓa yin sallama. Sai dai a san ranar da za a sake dubawa."

Bilya ya zauna a bakin gado yana juya hula a hannu. Ya ce shi tsoronsa kada a gyara a manta, Yaya ya koma ruwa, shi a bar shi da kwanan fargaba. Sada ya ce ba za a mayar da yadi a wannan kusurwa ba, za a bar ta a buɗe ido na ganinta. Duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, Sabuwa ta taɓa bangon ta ji ko da danshi, Bilya kuma ya soka tsinken nan duk wata in ya shigo gaisuwa. Sauran kusurwoyin ba sa bukatar haka, sau ɗaya a shekara bayan kaka ya ishe su, wannan kuwa shi zai yi da kansa. In tsinke ya shiga wata babbar azara, ko simintin waje ya fashe, a sake zama.

"Bulon fa?"

"Akurkin kajin Sabuwa ya rushe, ɗakin girki ma yana son gyara."

"Kaji a gidan bulo, uwa a gidan ƙasa," in ji Bilya. "Allah ya sa kada a ji a kasuwa." Amma ya miƙa hannu ya karɓi tsinken.

Kafin la'asar sun tokare rufin, sun janye gadon zuwa bangon kudu, sun mayar da ƙoren kamar yadda Sada ya tuna jerinsu. Sannan ya zauna a kan tabarma ya shanye furar tas, ya kife ludayin a ciki, ya fito ya sa takalminsa.

Da yamma mota ta sauke su. Inna ta shiga ɗaki, ta daɗe a ciki. Sada yana tsakar gida yana wanke hannu sa'ad da ta yi kira.

"Sabuwa, wa ya jera mini ƙore haka? Babba a kan ƙarama, kamar aikin makaho."

"Masu gyara ne, Inna."

"To." Aka ji ƙarar ƙore tana sake jera su. "Akwai sauran tuwon jiya? Ki ɗumama mini."

Aikin ya ɗauki mako guda, aka gama kafin hadarin farko. Sada ya koma teku, inda wani dandamalin ke jiran a yanke masa wuraren dubawa. Damina ta yi ƙarfi a bara, kusurwar ba ta yi danshi ba. Da aka gama girbin masara ya dawo hutu, ya tsuguna a bakin labule ya yi gaisuwar safe, ta amsa a taƙaice kamar kullum. Yana shirin tashi ya ji ta tana ce wa Sabuwa ta daɗe ba ta leƙa mutanen Gubuci ba, gobe a nemo mota.